Finding Paradise: Abin da Masu Sharhi Suka Gani a Magajin To the Moon

Yawancin wasannin da ke cikin wayoyinmu na harbi ne, ko ƙwallo, ko tseren mota. Akwai kuma wani rukuni da ba ya neman saurin yatsunka, labari kawai yake ba ka ya bar ka da tunani. Finding Paradise na cikin fitattun wannan rukuni, kuma yadda masu sharhi suka karɓe shi zai taimaka maka ka gane ko ya cancanci kuɗinka da lokacinka.

Daga ina wasan ya fito?

Wani ƙaramin kamfani ne a Kanada mai suna Freebird Games ya yi shi, ƙarƙashin jagorancin Kan Gao, wanda shi ne yake rubuta labarin kuma ya tsara yawancin kiɗan. Irin waɗannan wasanni na ƙananan kamfanoni masu cin gashin kansu ba su da jarin manyan kamfanoni, don haka da labari da dabara suke gogayya.

A watan Nuwamban 2011 kamfanin ya fitar da To the Moon, wanda aka gina da manhajar RPG Maker XP, da zane mai ɗigo-ɗigo irin na wasannin shekarun 1990. Labarin wasu likitoci biyu ne, Eva Rosalene da Neil Watts, ma'aikatan kamfanin Sigmund. Aikinsu shi ne shiga ƙwaƙwalwar wanda yake gargarar mutuwa, su sauya abubuwan da yake tunawa, har ya cika yana jin burinsa ya tabbata. Majinyacinsu, dattijo Johnny, so yake ya je duniyar wata, amma shi kansa bai san dalili ba. Wasan ya yi suna da sa mutane kuka, kuma shafin GameSpot ya ba shi kyautar labari mafi kyau na 2011.

Shekara shida masoya suka yi suna jiran ci gaba. A tsakani, a 2014, an saki wani gajeren wasa marar magana ko ɗaya, A Bird Story, game da wani yaro da tsuntsun da ya ji rauni. Wannan yaro shi ne ya tsufa ya zama majinyacin Finding Paradise, wanda ya fito a kwamfuta ranar 14 ga Disamba, 2017.

Me ya bambanta shi da na farko?

Sunan majinyacin Colin Reeds, tsohon matuƙin jirgin sama, yana da mata, Sofia, da ɗa, Asher. Buƙatarsa ce ta rikita likitocin. Yana so a kawar masa da nadamar da ke damunsa, amma kada a taɓa rayuwar da ya yi da iyalinsa. Matarsa kuwa ba ta ji daɗin wannan kwangila ba, domin a ganinta tamkar cewa yake rayuwar da suka yi tare ba ta ishe shi ba.

Tsarin tafiyar ma ya sauya. A To the Moon ana bin rayuwar Johnny ne daga tsufa zuwa yarinta a jere. A nan kuwa na'urar tana jefa likitocin daga tsufa zuwa yarinta, ta sake dawo da su, suna matsowa tsakiyar rayuwar Colin kaɗan-kaɗan. A can ne sirrin wata yarinya mai suna Faye yake. Ba za mu tona shi ba, domin shi ne ginshiƙin labarin.

Abin da aka yaba

Galibin sharhin da aka rubuta na yabo ne, kuma kusan duk sun haɗu a kan abu uku. Na farko rubutun labarin, musamman yadda ƙarshensa ya ɗaure abubuwan da tun farko suka zama kamar ba su da alaƙa. Na biyu kiɗan fiyano da sauran kayan kiɗa masu taushi, da waƙar ƙarshe da Laura Shigihara ta rera, wadda ita ce ta rera ta wasan farko. Na uku barkwancin da ke tsakanin Eva da Neil, wanda yake sassauta nauyin zancen mutuwa.

'Yan wasa ma sun nuna gamsuwa. A kasuwar Steam ya kai matakin yabo mafi girma, wanda ba a samunsa sai kashi 95 cikin 100 na masu ra'ayi sun yaba, kuma adadinsu ya kai 500 aƙalla.

Inda aka soke shi

Babban ƙorafi shi ne aikin da ɗan wasa yake yi bai taka kara ya karya ba. Za ka zagaya ɗaki, ka taɓa abubuwa don tara alamun tunani, ka warware wata 'yar wasa ƙwaƙwalwa mai sauƙi, ka wuce gaba. Wasu sun ce farkonsa yana da jan ƙafa. Wasu kuma sun ga cewa ɓangaren da ya kwaikwayi wasannin faɗa kusa da ƙarshe ya ɗan katse musu yanayin da suke ciki, yayin da wasu suka ɗauke shi a matsayin raha.

Sai kuma kwatanci da yayansa, wanda babu wasan ci gaba da ke tsira daga gare shi. Wanda ya shiga yana jiran irin dukan zuciyar da To the Moon ya yi masa, zai iya cewa wannan bai kai ba. To amma tambayar da wasannin biyu suke yi ba ɗaya ba ce. Na farko ya nuna yadda ake cika burin mai mutuwa ko da za a sake rubuta rayuwarsa. Na biyu yana tambaya ne ko ya dace a sake rubuta ta tun asali, da kuma ko nadama dalili ce ta raina rayuwar da mutum ya yi. Saboda haka ne wasu suke ganin Finding Paradise ya fi na farko natsuwa da zurfi, ko da bai fi shi sa hawaye ba.

Yadda za ka karanta irin wannan sharhi

Shafuka irin su Metacritic suna tattara makin masu sharhi su fitar da lamba ɗaya cikin 100. Matsalar ita ce lambar tana cakuɗa abubuwa daban-daban. Mai sharhin da ya fi damuwa da dabarun wasa zai rage maki, wanda ya fi damuwa da labari zai ƙara. Don haka kada ka tsaya a kan lamba, duba dalilin da aka bayar. Idan abin da aka soka shi ne rashin ƙalubale, kai kuma labari kake nema, to sukar ba ta shafe ka ba.

Kafin ka sauke shi

Finding Paradise ya iso wayoyin Android da iPhone da na'urar Nintendo Switch a Nuwamban 2022 ta hannun kamfanin X.D. Network, wanda shi ne ya kawo To the Moon waya a 2017. Na saye ne, kuma mutum ɗaya ke buga shi. Ba a magana da murya a cikinsa, duk hirar rubutu ce, kuma babu fassarar Hausa, don haka sai ka shirya karanta Turanci mai yawa. Cikin awa biyar ko makamancin haka za ka iya gama shi. Sa abin sauraro a kunne, domin kiɗan yana ɗauke da kaso mai tsoka na labarin.

Za ka iya fahimtarsa ko ba ka buga na farko ba, amma ya fi kyau ka fara da To the Moon, domin a can za ka saba da likitocin biyu. Idan sun kwanta maka, akwai na uku, Impostor Factory, wanda ya fito a Satumban 2021. Idan kuwa gasa da abokai kake so, ajiye kuɗinka don wani wasan.