Rigar mahalbi a ƙasar Tasawa da Mayahi

Da zarar an gama kaka, gero ya shiga rumbu, iskar hunturu ta fara busowa daga gabas, sai hankalin mahalban gundumomin Tasawa da Mayahi ya koma wajen daji. Daga Maijirgi zuwa Urafan, daga Kanambakashe zuwa ƙauyukan bakin Gulbin Kaba, lokaci ne na gyaran baka da kwari, da share bindigar toka, da duba tufafin da za a shiga dawa da su. Maganar tufafin nan kuwa ba ƙarama ba ce, domin a watannin Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 15, kuma mahalbi yakan bar gida tun kafin kiran salla, ya yini cikin ƙaya da ƙura.

Wannan tambaya ta abin da mai farauta zai saka ta kai har ƙasar Amurka. A can, cikin duwatsun yammacin ƙasar, akwai wata babbar dabba dangin barewa mai ƙaho mai rassa, wadda namijinta yakan wuce kilo 300. Kamfanoni suna ɗinka wa masu farautarta riguna na musamman masu zanen ganye da itace, suna sayar da guda a kan ɗaruruwan dalar Amurka. Amma da yawa daga cikin tsofaffin maharban can sun tsaya a kan cewa rigar sanyi ta yau da kullum mai araha ta isa, muddin ba ta ƙara, ba ta ƙyalli, tana kuma tare iska. Hujjarsu ita ce dabbobin wannan dangi ba sa rarrabe launuka kamar ɗan Adam. Motsi da wari da ƙara su ne ke tona mai farauta. Shi ya sa a jihohi da dama doka ta tilasta saka tufa mai launin ruwan lemu, don maharba su riƙa hango juna, kuma hakan bai hana su samun nama ba.

Mahalban ƙasar Hausa sun san wannan tun kaka da kakanni. Rigarsu ta asali taguwa ce ta saƙi, gajera, wadda ba ta sarƙewa cikin sarƙaƙiya. Akan rina ta da ɓawo ko ganyen itatuwa irin su marke da bagaruwa har ta koma launin ƙasa, a ɗinka mata layu da guraye, a haɗa da warki na fata da hula mai rufe kunne. Zaren auduga mai kauri ba ya kuka idan ya gogi reshe, yana shan zufa da rana, yana riƙe ɗumi da dare. Wasu kuma sukan ɗaura burtu a goshi, watau sassaƙen kan tsuntsun nan mai dogon baki, su sunkuya suna kwaikwayon tafiyarsa har su kusanci barewa ko tuje. Mahalbi yana bin iska ta yadda warinsa ba zai isa ga dabba ba, ya yi haƙuri, ya jira. Malamin nan Bafaranshe Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana nazarin al'adun ƙasar Maraɗi, ya yi rubutu a kan matsayin mahalba da bikin buɗin daji, inda ake neman sanin abin da shekara za ta zo da shi kafin a shiga farauta.

Sai dai masaƙa sun ragu, saƙi ya yi tsada, kuma samari ba su da ƙarfin sayensa. Abin da ya maye gurbinsa shi ne kayan bosho, tufafin hannu na biyu da ake kawowa dila-dila daga Turai da Amurka da Asiya, waɗanda suka daɗe suna shigowa ta tashoshin jiragen ruwa na Kotonu da Lome. Tun da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994, sabon yadi ya ƙara nisa da talaka, kasuwar bosho kuma ta bunƙasa. Yau a kasuwannin Tasawa da Mayahi da na ƙauyuka, da shigowar ɗari za a ga rigunan sanyi jibge a kan tabarmi, manomi da makiyayi da ɗan kabu-kabu da mahalbi duk suna tonawa. Riga guda ce za ta je gona, ta je kasuwa, ta shiga daji, kuma wannan shi ne amfaninta ga magidancin da ke lissafin kowace dala.

Amma ba kowace rigar bosho ce ta dace da dawa ba, kuma zaɓen yana da ƙa'idoji. Na farko shi ne ƙara: rigar leda mai santsi tana kuka da kowane motsi, zomo da zabon daji kuwa sukan ji ta tun daga nesa. Mai saye sai ya murza hannun rigar kusa da kunnensa kafin ya biya. Na biyu shi ne launi: ruwan ƙasa, ko ruwan toka, ko kore mai duhu sun fi fari da duk abin da ke ɗaukar ido, kuma ya kyautu a cire maɓallan ƙarfe masu walƙiya. Na uku shi ne irin yadin: riga mai gashi-gashi tana kwasar ƙarangiya har ta gagari sakawa, ita kuwa ta auduga mai ƙarfi, irin ta ma'aikata, ƙaya ba ta cika kama ta ba. Na huɗu shi ne wuta: yadin roba yana narkewa ya manne a fata idan tartsatsi ya faɗa masa, alhali mahalbi ba ya rabuwa da jin ɗumi da albarushi. Na biyar, gara riguna biyu marasa nauyi da guda mai kauri, domin da hantsi ya yi zafi sai a tuɓe ta sama a rataya.

Akwai kuma gargaɗi game da riguna masu zane irin na kakin soja, waɗanda sukan fito cikin dilolin bosho. A wannan zamani da ƴan bindiga suka addabi wasu yankunan kudancin jihar Maraɗi da ke iyaka da Najeriya, mutum mai bindiga sanye da irin wannan tufa cikin daji yana iya jawo wa kansa zato daga jami'an tsaro ko daga mutanen ƙauye. Rigakafi ya fi magani.

Bayan haka, kowace irin riga aka saka, sai da nama a daji ake farauta. Farin shekarun 1973 da 1974 da na 1984, da yawaitar jama'a, da faɗaɗa gonaki, sun cinye mafi yawan dajin da ke tsakanin garuruwan nan. Manyan namun da tsofaffi ke ba da labari, irin su gwanki da jimina da raƙumin dawa, sun ƙaurace wa wannan yanki; abin da ya rage shi ne zomo da kurege da fakara da zabon daji. Hukuma ta rufe farauta a shekarun 1970 na tsawon lokaci, sannan doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ta zo ta tsara sha'anin: sai da takardar izini, sai a lokacin da aka buɗe, kuma akwai dabbobin da aka haramta taɓawa sam. Ma'aikatan gandun daji ne aka ɗora wa kula da wannan.

Alamun farfaɗowa kuwa suna nan. Tun daga shekarun 1980 manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon itatuwa cikin gonakinsu suna sassabe su da kulawa, har aka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake samun itace, musamman gawo. A arewacin jihar, gandun Gadabeji da aka keɓe tun 1955 ya sami shiga jerin wuraren da hukumar UNESCO ke karewa a 2017, kuma a 2018 aka kai masa raƙuman dawa 8 daga yankin Kure. Inda itace ya dawo, tsuntsu da ƙananan namu sukan biyo baya.

Saboda haka mahalbin da ya sami rigarsa da araha a kasuwa, ya kamata ya tuna da sauran haƙƙin da ke kansa: ya nemi izini wurin hukuma, ya ƙyale mace mai ciki da ƴaƴan dabbobi, ya guji cinna wa daji wuta, ya kuma saurari sarkin baka da dattawan sana'a, waɗanda tun can suka san lokacin shiga daji da lokacin barinsa ya huta.