Sayen Sari: Riba Ko Asara?



Duk mai zuwa kasuwar Maraɗi ya san maganar ƴan kasuwa: "Ɗauki kwando duka in rage maka." Me ya sa suke ragewa? Saboda kuɗinsu na dawowa da wuri, sun huta da awo, kuma in kayan zai ruɓe, to a gidanka zai ruɓe.

A ce kwandon tumatir mai tiya 10 ana saida shi sefa 5,000, a ɗai-ɗai kuwa tiya ɗaya sefa 700. Mai sayen kwando ya samu ragin sefa 2,000. Amma in zafi ya lalata tiya 4 kafin a ci, tiya 6 da suka rage kowace ta kama sama da sefa 830. Ka ga araha ta koma tsada, ga abinci a bola.

Sannan talaka da ba shi da kuɗin kwando, kullum shi ke biyan farashi mai tsada.

To mene ne mafita? Gero da shinkafa suna jure ajiya, sarinsu riba ne. Kayan miya kuwa, maƙwabta su haɗa kuɗi su sayi kwando su raba, ko a yanka a shanya a yi kauɗa.

Mu tuna, aya ta 31 a Suratul A'araf ta hana israfi ko a ci ko a sha. Kafin ka ce "na samu araha", lissafa bakunan da ke gidanku.

Allah Ya sa albarka a abincinmu, amin.