Ƙarfe mai lamba 112

 

Yau zancenmu na ƙarfe ne, amma ba irin wanda maƙeri ke yin hauya da shi ba. Wannan ƙarfe ba a haƙo shi cikin ƙasa, ba a kuma sayar da shi kasuwa. Mutane ne suka haɗa shi a ƙasar Jamus, cikin shekara ta 1996, kuma har yanzu ba wanda ya gan shi da ido. To, ƙaƙa aka san akwai shi? Da ƙirga da lissafi aka sani, irin wanda kuke koyo. Ku ɗauko allo da alli, mu yi lissafin tare.

Kowane abu da lambarshi

Ku ɗauki gutsuren dalma. A raba shi biyu, a ƙara rabawa, a yi ta rabawa. Daga ƙarshe za a kai ga ƙwaya wadda in an fasa ta, to ta daina zama dalma. Wannan ƙwaya ita ake kira atom. Ƙanƙantarta ta wuce misali. Ku dubi ɗigon da ke ƙarshen wannan layi: ana iya jera atom fiye da miliyan 1 daga gefenshi zuwa gefenshi.

Kowane atom shina da ƙwallo a tsakiya, kamar dabino. Cikin ƙwallon akwai ƴan ƙwayoyi iri biyu. Sunan na farko proton, sunan na biyu nitron. Yawan proton shi ke faɗin sunan abu. Ƙwallo mai proton 26, baƙin ƙarfe ke nan. Mai 29 jan ƙarfe ne. Mai 30 tutiya ce, wadda ake shafa ma kwanon rufin ɗaki. Azurfa 47, zinariya 79, dalma 82.

A shekara ta 1869, wani malami na ƙasar Rasha mai suna Mendeleyef ya jera waɗannan abubuwa cikin allo guda, dangi-dangi. Lokacin nan 63 aka sani. Yanzu an kai 118.

Cikin waɗanda ake haƙowa da yawa daga ƙasa, wanda ya fi lamba babba shi ne uraniyom, mai lamba 92. Kun san shi, don tun 1971 aka fara fitar da shi a Arlit. In an wuce 92, sauran sai an haɗa su da na'ura. Daga 104 zuwa sama ana ce musu masu tsananin nauyi. Namu na yau cikinsu yake.

82 a tara da 30

A garin Darmstadt na Jamus akwai gidan bincike da ake kira GSI. Suna da wata na'ura mai tsawon mita 120, wadda ke harba atom kamar yadda bindiga ke harba harsashi. Wani masani mai suna Sigurd Hofmann da abokan aikinshi suka kafa falle na dalma, suka dinga harbinshi da ƙwayoyin tutiya. Gudun ƙwayoyin ya kai wajen kilomita 30,000 cikin sakan guda.

Me suke nema? Ku rubuta: 82 + 30. Amsa ita ce 112. In ƙwallon dalma da na tutiya suka manne, an samu sabon abu mai proton 112.

Amma rubutun ya fi aikin sauƙi. Proton da proton ba su son juna, ture juna suke yi. In harbin ya yi sanyi, ƙwallayen ba su haɗuwa. In ya yi zafi da yawa, sai su farfashe. Galibinsu ma wucewa suke yi ba su taɓa kome ba. Aka yi makonni ana harbi dare da rana. Ran 9 ga watan Fabrairu 1996 aka dace da ƙwaya ɗaya. Ba ta kai ko kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, ta lalace.

Yadda aka gane ta

Abin da bai kai ƙiftawar ido ba, da me za a shaida shi? Da zuriyarshi.

In baƙo ya zo gari ba ku san shi ba, amma kun san jikanshi, sai ku bi asali a baya har ku gano ko shi wane ne. Haka aka yi. Ƙwallo mai nauyi ba ya zama lafiya. Shina tofar da ƴar ƙwaya mai proton 2 da nitron 2, sai ya koma wani abu daban. Ku yi ragi: 112 a ɗebe 2, saura 110. A ƙara ɗebe 2, saura 108. Sai 106, sai 104, sai 102, sai 100. Na'ura ta rubuta lokaci da ƙarfin kowace tofarwa. Na ƙarshen jerin kuwa an riga an san su da halinsu. Da aka gan su, sai aka ƙirga a baya har aka koma kan 112.

Shaida ɗaya ba ta isa ba

Nan akwai darasi, ku saurara da kyau. A 1996 mutanen GSI sun ba da labarin ƙwaya biyu ne. Bayan ƴan shekaru suka koma ga ainihin abin da na'ura ta rubuta, suka sake dubawa. Sai suka tarar ɗaya daga cikin biyun ba ta nan, an shirya lambobinta ne kawai. Suka fito fili suka janye ta. Saura ɗaya ta gaskiya.

Akwai ƙungiyar masana ta duniya, IUPAC, wadda ke yanke hukunci kan irin wannan magana. Ta ce shaida ba ta cika ba tukuna. A shekara ta 2000 GSI ta sake gwaji, ta samu wata ƙwaya. A 2004 masana na gidan binciken RIKEN a ƙasar Japon suka yi nasu gwaji da tasu na'ura, suka samu abu iri ɗaya. Sai a 2009 ƙungiyar ta yarda. Ku ƙirga: daga 1996 zuwa 2009 shekara 13 ke nan ana jira.

An kuma samu 112 ta wata hanya, a garin Dubna na Rasha. Can an harbi uraniyom da kalsiyom, abin da ke cikin ƙashi da alli, mai lamba 20. Ku duba: 92 + 20, nan ma 112.

Ranar suna

Ran 19 ga Fabrairu 2010 aka raɗa mishi suna kopernisiyom. A taƙaice ana rubuta Cn. An yi ma Kopernik takwara ne, wani masanin taurari na ƙasar Polonya. An haife shi ran 19 ga Fabrairu 1473, ya rasu a 1543. Shi ne ya bayyana cikin littafinshi cewa duniya ce ke kewaya rana.

Halinshi

Cikin allon Mendeleyef, kopernisiyom ɗan dangin tutiya ne da zaiba. Zaiba ita ce ƙarfen nan mai gudu kamar ruwa, mai lamba 80, wanda masu haƙar zinariya ke kama zinariya da shi, ko da yake guba ne ga jiki. Masana suka ce: in 112 danginta ne, shi ma zai manne ma zinariya.

Masana na ƙasar Suwis da na Dubna suka gwada. Suka sa iska ta kwashi ƙwayoyin, ta bi da su kan faranti mai rufin zinariya, gefe ɗaya da ɗumi, gefe ɗaya da tsananin sanyi. A 2007 suka ba da labarin ƙwaya 2 da suka manne. Wannan ya nuna shina da halin ƙarfe, amma ya fi zaiba saurin tashi ya bi iska. Wani lissafi na 2019 ya nuna, da za a tara shi da yawa, ruwa zai zama a cikin ɗaki, ya tafasa wajen digiri 67. Ruwan sha kuwa sai digiri 100. Wannan lissafi ne, ba awo ba. Ku riƙa bambanta su.

Mene ne amfaninshi?

Ba a ƙera kome da shi. Amfaninshi na sani ne. Na farkon da aka samu nitron 165 gare shi, bai kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Wani irinshi mai nitron 173 shina kai wajen sakan 30 kafin rabinshi ya lalace. Nitron 8 kaɗai aka ƙara. Nitron kamar ciyawa ce cikin lakar gini, ita ke riƙe ƙwallo. Masana na zaton in aka kai nitron 184, za a samu waɗanda suka fi daɗewa sosai. Ana nan ana nema.

Ƴan'uwa, manyan masana ma sun koma ga rubutu, sun sake ƙirga, sun gyara kuskure. Ku ma in an auna muku gyaɗa ko auduga, ku dubi sikeli da idonku, ku karanta takarda, ku sake lissafi kafin ku sa hannu.

Aikin wannan mako

1. Rubuta lambar dalma da ta tutiya, ka tara su.
2. Daga 112, ɗebe 2 har sau shida. Nawa ya rage?
3. Don me aka jira shekara 13 kafin a yarda?

Ku tattauna amsoshin wajen karatu tare da malaminku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.