Gargaɗi ga masu doguwar tafiya a kan keke: kada ku dogara da mai faci na bakin hanya

Jama'a, a saurara, musamman samarin da ke shirin taka keke daga Kano zuwa Damagaram, har ma da masu niyyar zarcewa Agadas. Daga Damagaram zuwa Agadas kusan kilomita 450 ne, kuma da zarar an wuce Tanut garuruwa sai su yi nisa da juna, inuwa ta yi wuya. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40. Idan keke ya lalace a irin wannan wuri, ƙishirwa ce za ta fara tarar da kai tun kafin wani mai taimako ya iso.

Babban kuskuren da ake yi shi ne a ce ai ko'ina akwai mai faci. Akwai shi, amma kayan da ke rumfarsa na tsohon keke ne irin su Raleigh da Phoenix. Keken giya na gwanjo da kuke hawa yanzu, gargarensa daban ne. Tsohuwar taya mai lamba 28 ba ta zama a kan gargaren 700 ko 29, domin bakinta ya fi faɗi da milimita 13. A ido kamar ɗaya suke, sai ka biya kuɗi, ka ɗora, ka ga tana lilo. Haka siririn bawul ɗin keken giya, ba kowane famfon ƙauye ne ke kama shi ba. Saboda haka kada wanda ya bar gida ba tare da taya guda ta ajiya ba, da tiyub biyu, da famfonsa na kansa, da faci, da sabon sholisho. Na ce sabo, don wanda aka taɓa buɗewa bushewa yake yi cikin jaka, sai ranar buƙata ka matse shi iska kawai ta fito.

Idan ƙaya ta huda taya, kada a yi garajen sa sabon tiyub. A sa yatsa a hankali a zagaye cikin tayar sai an taɓo ƙayar, a cire ta. Ƙayar aduwa da ta tsidau kan karye su maƙale a ciki, su huda na biyu kamar yadda suka huda na farko. Kuma a daina gangarawa da keke ƙarƙashin bagaruwa don neman inuwa. A sauka a kan kwalta, a ɗauke shi a kafaɗa. In kuwa tayar ce ta yage, a ninke takardar naira hamsin ta leda a shimfiɗa ta ciki daidai wurin yagewar, za ta riƙe har gari na gaba.

Sarƙa ma tana cin amana. Kada a yi mata wanka da baƙin mai, yashi ne zai manne ya cinye haƙoran. A ɗiga mai kaɗan, a goge da tsumma. A riƙe abin cire ƙusar sarƙa, kuma a koyi aiki da shi a tsakar gida, ba a tsakar daji ba. Ko da abin canza giya ya karye, ana iya rage tsawon sarƙar a tafi da giya ɗaya.

Wayar gargare in ta tsinke, a naɗe ta jikin 'yar'uwarta, a sassauta birki, a rage kaya, a tafi sannu.

In gyara ya gagara, kada a tura keke cikin rana tsaka, kada kuma a yanke daji da sunan gajeriyar hanya. A zauna a bakin titi inda direba zai hango, a tattala ruwa, a tsayar da motar farko da ta yarda ta ɗauka. Kafin barin kowane gari, a kira gida a faɗi inda za a kwana da lokacin da ake sa ran isa, domin akwai wuraren da waya ba ta kamawa.