Daga Abuja zuwa Kwaja: Wa ke hukunta mai sayar da gurɓataccen abinci?

Kwaja tana cikin tsaunukan ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu a jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru. Wake da masara da gyaɗar da manoman yankin ke saukowa da su kasuwannin Mubi ba a nan suke ƙarewa ba. 'Yan kasuwa na loda su a manyan motoci zuwa Yola, wasu buhunan har su iso kasuwannin Abuja. Ma'aikacin da ya sayi mudun wake a Wuse bai san rumbun da aka adana shi ba, balle abin da aka zuba masa don maganin ƙwari.

A rubuce, Najeriya ba ta rasa dokoki ba. Dokar jabun magunguna da gurɓataccen abincin da aka sarrafa, wadda aka kafa a 1999, ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 15, ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko duka biyun. Dokar rajistar abinci da magunguna ta 1993 kuwa ta ce wanda ya sayar da kayan abincin da ba su da rajistar hukumar NAFDAC zai biya tarar da ba ta wuce naira 50,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, kamfani kuma naira 100,000.

Naira 50,000 a yau ba ta kai mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba. Ga dillalin da ke tara ɗaruruwan buhuna ya jira tsadar damina, wannan tara ba ta fi kuɗin dako ba. Ƙa'idojin da NAFDAC ta fitar daga baya sun ɗaga tarar wasu laifuka, kuma hukumar na rufe shaguna tana ƙona kayan da ta kama, amma dokokin asali suna nan da alkalumansu na zamanin soja.

Babban giɓin ma ba a yawan tarar yake ba. Hurumin NAFDAC ya fi ƙarfi a kan abincin da aka sarrafa aka zuba a kwali ko leda. Mahauta, da kasuwanni, da gidajen burodi, da wuraren sayar da abinci, jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya danƙa kula da su ga ƙananan hukumomi. Wato mai tuwo a tasha, da mai tsire, da mahaucin da ya yanka saniya marar lafiya da asuba, ba jami'in Abuja ne zai fara tsare su ba. Aikin duba-gari ne. Dattawan Arewa na tuna lokacin da jin zuwan duba-gari kaɗai ke sa a wanke randa a share zaure. Yau sashen nasa na cikin waɗanda aka fi mantawa da su a sakatariyar ƙaramar hukuma, sai in kwalara ta ɓulla.

Idan kuma laifin na dokar tarayya ne, Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron sa, kuma a Adamawa tana Yola ne, kusan kilomita 200 daga Mubi. Sai an ɗauki samfur, an gwada shi a ɗakin bincike, an sami mai gabatar da ƙara, an kai shaidu. Kafin a gama wannan, waken ya daɗe da shiga tukunya.

An riga an ga illar wannan sakaci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a cikinsa, sinadarin da ke cikin maganin ƙwarin nan Sniper. A 2021 ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti a Kano, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da wani gari da aka sayar da sunan ɗan tsami. Binciken NAFDAC ya nuna wani sinadari ne mai guba. Sinadarin bromate da aka haramta a burodi tun zamanin marigayiya Dora Akunyili har yanzu hukumar na gargaɗi a kansa.

Sai dai adalci ne a bambanta masu laifin. Manomin Kwaja da ya yayyafa wa wakensa maganin ƙwari sau da yawa bai san akwai buhunan PICS masu leda biyu a ciki ba, waɗanda ke kashe ƙwaro ta hana shi iska, ko kuma sun fi ƙarfin aljihunsa. Ɗaure irinsa ba zai tsaftace kasuwa ba. Wanda ya cancanci hukunci mai tsanani shi ne babban dillalin da ya san abin da yake yi.

Ƙudirin dokar ingancin abinci ta ƙasa, wanda ake fatan zai haɗa waɗannan hurumai wuri guda, ya sha zagaya Majalisar Tarayya. A Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko kuɗin zai kai ga sayen babur da kayan gwaji na duba-garin Mubi ta Kudu, wannan yana hannun masu zama a sakatariyar Gella.