Lauya da Ɗan Kasuwa: Warware Rigingimun Ciniki a Birnin Kabi da Argungu

Gabatarwa



Watakila wani ya yi mamakin ganin malamin Hausa ya tsaya zai yi jawabi a kan lauyoyi. Dalilina shi ne, rigimar ciniki a ƙasarmu tun daga harshe take farawa. Da Hausa ake ƙulla ciniki, da fatar baki, a rumfar kasuwa ko a bakin fadama. In kuwa ya ɓaci har ya kai babbar kotu, to da Turanci ake warware shi, bisa abin da aka rubuta a takarda. Tsakanin bakin da ya ƙulla da takardar da za ta warware akwai kwazazzabo, kuma dukiyar mutane da yawa ta faɗa cikinsa. Abin da nake so in nuna shi ne, babban aikin ofishin lauyoyi na gida, watau irin wanda yake zaune a Birnin Kabi ko Argungu, shi ne ƙetarar da ɗan kasuwa wannan kwazazzabo, kuma amfaninsa ya fi yawa in an neme shi tun kafin ciniki ya faɗa.

Yadda magabata suka yi

Ƙasar Kabi ba baƙuwar fatauci ba ce. A ƙarni na 19 kasuwar Jega tana cikin manyan kasuwannin Daular Sakkwato, kuma ayarin fatake masu zuwa Gwanja neman goro sukan ya da zango a can. Baƙon da ya zo da haja yakan sauka gidan fatoma, watau maigidan da zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, sa'an nan ya tsaya masa in an ɗauki kaya bashi. Dillali kuwa shi ne shaidar ciniki, ladansa la'ada. In gardama ta tashi, fatoma da dillali da sarkin kasuwa su suke fara shiga tsakani. Sai abin ya faskara ake zuwa gaban alƙali, shi kuma ya duba littattafan mazhabar Malikiyya, kamar Risala da Muhtasar da Tuhfa. Ƙa'idarsa sananniya ce: wanda ya yi da'awa shi zai kawo shaidu, wanda ya musa kuma rantsuwa ta hau kansa.

Wannan tsari ya yi aiki domin kowa ya san kowa, kuma wanda ya ci amana sau ɗaya ba ya sake samun masauki. Duk da haka addini bai bar mutane ga baki kaɗai ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Saboda haka wanda ya ce rubuta yarjejeniya al'adar Turawa ce, bai san tarihin gidansu ba.

Shigowar lauya

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sun bar kotunan alƙalai a ƙarƙashin En'e, kuma doka ta hana lauya tsayawa a cikinsu. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aikin lauya ya makara a Arewa. Sai a 1955 aka sami lauya na farko ɗan Jihar Arewa, Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaƙ na Ilori. Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya kuwa ta fara karɓar ɗalibai a Ikko a 1963. Tsakanin 1967 da 1968 aka soke kotunan sarakuna, aka karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e aka mayar da su kotunan yanki, kuma bayan Tsarin Mulkin 1979 manyan kotuna suka buɗe wa lauyoyi ƙofar shiga can.

Ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kabi daga Jihar Sakkwato. Da Birnin Kabi ya zama babban birni sai ga babbar kotun jiha, ga ma'aikatu, ga rassan bankuna, ga kwangilolin gwamnati. Inda waɗannan suka taru kuwa, ofisoshin lauyoyi sukan biyo baya.

Daga baya shinkafa ta ƙara sauya lamarin. A watan Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na ba manoma rance a Birnin Kabi. A 2016 Jihar Kabi da Jihar Legas suka haɗa gwiwa kan shinkafar Lake Rice, a 2017 kuma aka buɗe masana'antar shinkafa ta WACOT a Argungu, ban da ta Labana da take Birnin Kabi. Manomin fadamar Gulbin Rima wanda da ba ya hulɗa da kowa sai dillalin garinsu, sai ga shi yana dangwala yatsa a takardar banki. Abokin cinikinsa yanzu kamfani ne, shi kuwa kamfani bai san kunya ko surukuta ba, takarda ya sani.

Inda harshe yake yin tuntuɓe

Bari in kawo misali na ƙaddarawa. A ce wani ɗan kasuwa a Argungu ya karɓi kafin alƙalami daga wani kamfani, kan zai kawo buhu 500 na shanshera in kaka ta yi. A bakin Bahaushe magana ta ƙare. Amma wane buhu? Ɗan kasuwa yana nufin buhun da ya saba gani a kasuwa, kamfani kuwa yana nufin nauyin da sikeli ya nuna, bayan an auna laimar shinkafar an cire tsakuwa da ƙaiƙayi. Wace rana ce kaka? In ambaliya ta cinye fadama, kamar yadda ta yi a 2020, wa zai ɗauki hasara? Shi kansa kafin alƙalamin, somin biya ne da za a mayar in ciniki ya warware, ko kuwa kuɗin kamu ne da ya tafi ke nan?

Malaman fiƙihu sun san irin wannan ciniki, suna kiransa salam, kuma sun shardanta a ba da kuɗi tun farko, a ambaci irin kaya da ma'auninsa da lokacin kawo shi. Tambayoyin nan su ne lauyan kirki zai yi kafin ya ɗora alƙalami. Haka nan kalmomin rance da bashi da lamuni da amana da jingina, kowace da hukuncinta. Mutumin da ya ce ya ba da kuɗi “a juya”, ƙiradi yake nufi, inda za a raba riba, hasara kuma ta hau kan mai dukiya in ba a yi sakaci ba, ko kuwa bashi yake nufi wanda dole a biya ko an faɗi? Lauyan da ya zo daga nesa sai ya nemi tafinta, tafinta kuwa yana iya juya kalmomin nan duka da kalmar Turanci guda ɗaya. Wanda ya tashi a nan yana jin bambancin da kunnensa.

Aikin ofishin lauyoyi

Aiki na farko shi ne tsara kasuwanci tun daga tushe. Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990, ta yarda mutum ɗaya tak ya kafa ƙaramin kamfani. Amfanin rajista shi ne raba dukiyar kamfani da ta mai shi, abin da yake hana kasuwanci watsewa ranar rabon gado. Akwai kuma batun jingina. Dokar Filaye ta 1978 ta ce ba a jinginar da fili mai takardar mallaka sai da yardar gwamna, kuma a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, a 1989, Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina saboda rashin wannan yarda. Tun daga 2017 kuma akwai dokar da ta ba da damar jinginar da abin da ake iya ɗagawa, kamar inji ko amfanin gona ko dabbobi, a shigar da shi rajista ta ƙasa.

Aiki na biyu shi ne sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa, abin da masana shari'a suke kira hurumi. Saɓa yarjejeniyar saye da sayarwa aikin babbar kotun jiha ne, ko ƙaramar kotu in kuɗin bai taka kara ya karya ba. Amma abin da ya shafi tafiyar da kamfani kansa, ko kwastan, ko harajin tarayya, sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999 ya keɓe shi ga Babbar Kotun Tarayya. Musulmi biyu suna iya kai bashinsu kotun shari'ar Musulunci, sai dai a lura, hurumin da sashe na 277 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ya tsaya ne kan irin su aure da gado da wasiyya da waƙafi da riƙon yara, ciniki ba ya cikin lissafin. Wanda ya kuskure ƙofa yana iya yin shekaru yana shari'a, ya yi nasara, a je gaba a rushe kome. Ko sa hannu ma yana da ƙa'ida: a shari'ar Okafor da Nweke, a 2007, Kotun Ƙoli ta ce takardar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, maimakon sunan lauyan da yake cikin rajista, ba ta da inganci.

Aiki na uku shi ne sulhu. Shari'a tana cin lokaci da kuɗi, ita kuwa albasar Aliero ko bandar kifin Argungu ba ta jiran ranar da aka ɗaga ƙara. Shi ya sa aka kafa zauren sulhu na kotu a Ikko a 2002, Kano ta bi sahu a 2009. Dokar 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta ƙarfafa hanyoyi biyu. Ɗaya sulhu ce, inda mai shiga tsakani yake taimakon masu rigima su daidaita da kansu. Ɗayar kuwa tahkimi ce, inda su biyun suke zaɓen masani ya yanke musu hukunci, kotu kuma ta zartar. In kun duba da kyau, wannan aikin fatoma da sarkin kasuwa ne aka ɗinka masa rigar doka.

Aiki na huɗu ya shafi iyaka. Jihar Kabi ta yi iyaka da Nijar da Binin, kuma kaya suna ƙetarawa ta Kamba da Lolo. Waɗannan ƙasashe biyu suna cikin yarjejeniyar OHADA ta 1993, wadda ta haɗa dokokin kasuwancin ƙasashe da dama, galibinsu masu Faransanci, babbar kotunta tana Abijan. Nijeriya ba ta ciki. To, mutumin Kamba da mutumin Gaya, Hausa ɗaya suke yi, amma doka biyu ce a kansu, kuɗi ma iri biyu. Yarjejeniyarsu tana bukatar ta faɗi dokar da za a bi, da kuɗin da za a biya, Naira ko Sefa, da abin da za a yi in an rufe iyaka, kamar yadda aka yi a 2019 da kuma 2023.

Gyara kayanka

Akwai ɗabi'ar da ya kamata in ambata, musamman ga ma'aikata. Mutane da yawa in an riƙe musu kuɗi sai su nufi ofishin 'yan sanda. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya, kuma wanda ya sa aka tsare abokin cinikinsa a kan bashi yana iya wayar gari shi ake bi diyya. Har wa yau, doka ta yanke wa ƙarar ciniki wa'adi, wanda ya yi ta kawaici har wa'adin ya wuce ya rasa ƙofar kotu, ko da yana da gaskiya. Jami'in da yake tsara takardar kwangila kuma ya tuna, jimla guda mai harshen damo tana iya jawo wa baitulmali hasarar da ta fi albashinsa na shekaru.

Su ma lauyoyi akwai hakki a wuyansu. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wajibi ne lauya ya gaya wa mai ƙara gaskiya in ƙararsa ba ta da ƙafa, ya bayyana kuɗin aikinsa tun farko, ya kuma guji neman ɗage zama ba gaira ba dalili. Doka ta tanadi cewa wanda bai iya karatu ba a karanta masa takarda a fassara masa kafin ya dangwala yatsa. Wannan fassara kada ta zama ta cika sharaɗi kurum.

Kammalawa

Jama'a, shawarata uku ce. Ɗan kasuwa ya ɗauki kuɗin lauya kamar kuɗin buhu da na dako, ya biya shi ranar ƙulla ciniki, lokacin da yake da araha. Ofisoshin lauyoyinmu su saba rubuta yarjejeniya da Turanci da Hausa a jere, a kuma faɗi wadda za a bi in sun saɓa. Ku kuma ɗaliban Hausa, ga aiki yana jiranku. Ku shiga kasuwannin Jega da Argungu da Kamba ku tattara kalmomin ciniki daga bakin dillalai da dattawan fatake, ku zauna da malaman fiƙihu da malaman doka a tantance ma'anar kowace, domin tafintan kotu ya sami abin dogara.