Haɗin ɗaɗɗoya da tafarnuwa cikin mai: a daka yau, a cinye yau

Matan unguwar Sintali da ke Jalingo sun daɗe suna saka ɗaɗɗoya a farfesun kifi da na kayan ciki. Yanzu kuma, albarkacin bidiyon girki da ake kallo a waya, wasu sun fara dakanta ɗanya, irin haɗin da mutanen Genoa ta ƙasar Italiya ke kira pesto. Su can da ganyen basil, dangin ɗaɗɗoya, suke yi, da tafarnuwa da cuku da man zaitun. A Jalingo kuwa soyayyar gyada da man gyada sun wadatar. A wanke ganyen, a tsane shi, a daka shi a turmi da tafarnuwa da gishiri da gyada, sannan a riƙa ɗiga mai har ya haɗe. Yana da daɗi da taliya ko dafaffiyar doya.

Sai dai wannan abinci ne da ba ya hawa wuta, kuma a nan haɗarin yake.

Na farko, ganyen lambu na iya zuwa da ƙwayoyin taifot ko kwalara, idan da gurɓataccen ruwa aka yi masa ban-ruwa ko aka yayyafa masa a kasuwa. A wanke shi sosai da ruwan da za a iya sha. Gyada kuma a tsince ta. Duk wadda ta yi funfuna ko take ɗaci a zubar, domin tana iya ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma suya ba ta kawar da ita.

Na biyu ya fi tsanani. Da yawa sun ɗauka cewa in mai ya rufe abinci a kwalba ba zai lalace ba. Ga ɗanyen ganye da tafarnuwa akasin haka ne. Akwai ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum da ke zaune cikin ƙasa, tana maƙalewa a jikin tafarnuwa da ganye. Inda babu iska take bunƙasa, mai kuwa yana toshe iska. Idan aka haɗa da zafin Jalingo da ɗaukewar wuta, sai ta saki guba mai shanye jiki, alhali ƙanshin abincin da ɗanɗanonsa ba lallai su canza ba. A watan Satumba na 2024, mutum biyar aka kwantar a asibiti a yankin Tours na Faransa bayan sun ci pesto na kwalba.

Alamomin sukan bayyana cikin awa 12 zuwa 36: gani biyu-biyu, faɗuwar fatar ido, sarƙewar harshe, wahalar haɗiya, sai kasala mai saukowa daga kafaɗu zuwa ƙafa, galibi babu zazzaɓi. Wanda ya ga haka kada ya tsaya sayen magani a kemis ko jiƙe-jiƙe. A garzaya da shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo, a faɗa wa likita abin da ya ci, domin gubar na iya tsayar da numfashi.

Saboda haka uwargida ta daka daidai cin yini. In ya yi saura, firji mai sanyin digiri 4 ne wurinsa, kuma kada ya wuce kwana huɗu. Idan wuta ta ɗauke har firjin ya huce, a zubar, kada ma a ɗanɗana. Masu sana'ar abinci kuma kada su ɗura shi a kwalba su jera a shago.